Daminar Ƙadandoniya: Abin da Ya Faru a Wani Gida a Bayan Garin Zariya

## Gidan da inda yake

Gidan yana cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen Zariya, ta ɓangaren da ƙasa ke gangarawa zuwa fadamar Kubanni. Shekara 6 kafin wannan lamari wurin gona ne, masara da gyaɗa ake nomawa a ciki, har aka zo aka yanka shi fuloti-fuloti. Ginin bulo ne da rufin kwano: zaure, ɗakuna 4, kicin, banɗaki, sai tsakar gida da aka yi wa daɓen siminti rabi, rabi kuma ƙasa. Mutum 9 ke kwana a ciki: maigida, wanda ma'aikaci ne amma bai saki fartanya ba, da uwargida, da mahaifiyarsa, da yara 6, autarsu tana rarrafe. Akwai awaki 4 da kaji.

A bayan gidan, manne da bangon ɗakin uwargida, akwai juji. Kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ganyen mangwaro, ragowar harawa da sharar tsakar gida, duk nan ake zubawa. Maigida ne ya ce a riƙa tarawa don ya samu takin kai wa gonarsa, amma shekara 2 a jere bai samu motar kwasa ba. Jujin ya kai kimanin mita 4 a tsawo, tudunsa ya kai ƙugun babban mutum. Indararon da ke kwashe ruwan rabin rufin gidan a kansa yake zuba. Kusa da shi an jingine itacen girki da wasu bulo da suka rage daga gini. Fulotin da ke maƙwabtaka kuwa kango ne, ciyawa ta cinye shi.

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma Agusta ne watan da ya fi jiƙa.

## Ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni: farawa

Ruwa mai ƙarfi na farko ya sauka a makon ƙarshe na Mayu. Bayan kwana 2 uwargida ta tarar da ƙadandoniya 3 a gindin randa, baƙaƙe masu sheƙi, tsawon yatsa. Ta share su ta watsar. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, domin ƙadandoniya baƙuwar damina ce da kowa ya saba gani. Tana shafe rani a can ƙarƙashin ƙasa, inda sauran laima take, ruwa na sauka ta fito.

Zuwa tsakiyar Yuni ana samun 10 zuwa 20 kowace safiya. Wata a cikin takalmin ɗan makaranta, wata a naɗe cikin tabarmar salla, wata a ƙarƙashin kwanon da aka kife a kicin. Tsoron farko na gidan shi ne cizo, saboda jaririyar da ke rarrafe, kuma yaran suna ta kiranta shanshani. Kakarsu ce ta raba musu gardama. Shanshani jikinsa a baje yake, yana da gudu, ƙafa 2 ke gare shi a kowace gaɓa, kuma yana da dafi. Ƙadandoniya jikinta mulmulalle ne, tafiyarta a hankali, ƙafa 4 a yawancin gaɓoɓinta, ba ta cizo ba ta harbi. Idan aka taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo ta saki wani ruwa mai wari. Babban yaron gidan ya taɓa zama da tsinke zai ƙirga ƙafafun wata, ya kai ɗari da wani abu ya haƙura. Sunan da Turawa ke kiranta da shi yana nufin mai ƙafa dubu, alhali yawancinsu ba sa kai 400. Sai a 2021 aka bayyana wata da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa a Ostareliya mai ƙafa 1,306.

## Ƙarshen Yuni: toka, gishiri, kananzir

Abin da aka fara yi shi ne shara, safe da yamma, ana watsa abin da aka share a kan jujin bayan gida.

Da abin ya ƙi raguwa, Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce a zuba toka. Kowace magariba sai a kwaso tokar murhu a ja layi a bakin kowace ƙofa. A daren da ba a yi ruwa ba, waɗanda ke shiga ɗakuna suna raguwa. Daren da aka yi ruwa, ko raɓa ta yi nauyi, tokar sai ta zama caɓi, su bi ta kai su wuce. Aka gwada gishiri a bakin kicin kwana 4. Ya narke, ya bar farin tabo a siminti, awaki suka riƙa zuwa lasa. Wata maƙwabciya ta ba da shawarar kananzir. An yayyafa sau 2, warin ya hana Hajiya barci, uwargida kuma ta ce ba za ta ci gaba da zuba kananzir taku 3 daga murhu ba. Kaji, waɗanda aka sa wa rai, sukan tsattsagi ɗaya su yar, su koma neman tsakinsu.

A ƙarshen watan an daina ƙirge. Uwargida ta koma awo da kwanon da take auna hatsi: washegarin duk daren da aka yi ruwa, abin da ake sharewa yana kai rabin mudu.

## Yuli: feshi, da idon yaro

A makon farko na Yuli maigida ya dawo daga kasuwa da kwalbar fiya-fiya marar takarda a jiki. Aka haɗa da ruwa da ƙiyasi, aka yayyafa da tsintsiya a tsakar gida, gindin bango da cikin ɗakuna, aka rufe ƙofofi aka zauna a zaure na awa 2. Da safe tsakar gida ta yi baƙi da matattu. Murna ta kama gidan.

Dare 2 aka samu sauƙi. A na uku aka yi ruwa, suka dawo kamar ba a yi komai ba. An maimaita feshin sau 3 a cikin watan, kowane karo haka. Matattun da suka maƙale a bayan durowa da ƙarƙashin gado suka fara wari, daga baya suka bushe suka zama fararen zobba masu rugurgujewa. Hajiya, wadda dama tana da ciwon ƙirji, ta yi kwana 3 tana tari. Kaji 2 suka mutu a makon feshi na biyu. Abin da akan haɗa fiya-fiya da shi sinadarin dikulobos ne, maganin ƙwarin gona mai saurin bin iska. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa, amma har yanzu ana ɗura shi a kwalaben da ba su da suna.

A tsakiyar watan aka samu abin da ya fi tayar da hankali. Yaro mai shekara 3 ya kama wata babba yana wasa da ita, ya matse ta, sannan ya murza ido. Ihunsa ya fito da kowa. Idon ya yi ja yana ta zubar da hawaye, yatsunsa 3 sun rine kamar an sa masa lalle. Hajiya ta ɗauka ƙuna ce, ta ce a kawo man shanu. Uwargida ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri a fara wankewa tukuna.” Ta kwantar da shi a cinya ta yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta daga buta, buta bayan buta, kusan kwata na awa, sannan aka kai shi asibiti. An duba idon, an ba da maganin ɗigawa, an ce wankin da aka yi da wuri shi ne ya taimaka. Jan idon ya washe cikin kwana 3. Rinin yatsun ya ɗauki kusan mako 2 kafin ya goge. Ruwan da irin wannan ƙadandoniya ke fitarwa yana rina fata, yana kuma ƙona ido da baki. A fata sabulu da ruwa sun isa, ido kuwa sai an kai ga likita.

A ƙarshen Yuli awo ya kai mudu guda a safiyar bayan ruwa. Uwargida ta daina ajiye jaririya a ƙasa, kullum tana goye. Ta kuma fara maganar tafiya gidansu da ƙananan yaran har damina ta wuce.

## Farkon Agusta: zagayen dare

Wani abokin maigida, malamin gona ne da ya yi ritaya, ya zo duba Hajiya ya ji labarin. Bai ba da shawarar komai a ranar ba. Ya ce a kira shi duk daren da aka yi ruwa da yamma, kuma a tanadi tocila 2.

Aka kira shi bayan kwana 3. Bayan sallar isha'i suka fita su uku, shi da maigida da babban yaro. Maimakon su tsaya a tsakar gida, inda ake ta yaƙin wata 2, sai ya ce su zaga baya. Suna haska bangon ɗakin uwargida suka ga yana motsi. Ƙadandoniya ce ke fitowa daga jujin tana hawa bango, wasu suna bin gindinsa a jere. Suka bi su da haske. Hanyoyin shiga 4 ne: rariyar tsakar gida, wadda take buɗe ba raga, rariyar banɗaki, ƙasan ƙofar baya, inda yatsu 2 ke shigewa, da wata tsaga a gindin bango daidai inda ruwan indararo ke fantsama. Malamin ya haska tsagar ya yi dariya ya ce, “Alhaji, yau ga karin maganar nan ido da ido. Bangon ya tsage, sai dai ba ƙadangare ne ya samu wurin shiga ba.”

Da safe ya dawo ya sa aka sara jujin da fartanya. Kamu guda a ciki, takin yana da ɗumi da laima, cike da su: manya, matsakaita, da ƙanana farare-farare da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Haka ƙarƙashin itacen girki da ramukan bulon da aka jingine. A kangon maƙwabta ma akwai, amma ba su kai ko kusa da na jujin ba. Ya sa aka jawo gado da durowa a ɗakuna, aka duba. Matattu ne kawai da 'yan tsirarun da suka shigo a daren. Babu ƙanana ko ɗaya.

Bayanin da ya yi musu a zaure gajere ne. Abincin ƙadandoniya ruɓaɓɓen ganye ne da taki. A cikin ƙasa mai laima take yin ƙwai, ɗan kuma yana ƙyanƙyashewa da ƙafa 6, yana ƙara gaɓoɓi duk lokacin da ya yi saɓa. Jikinta ba ya riƙe ruwa, shi ya sa take yawo da dare, kuma wadda ta shiga busasshen ɗaki ba ta wuce kwana 1 ko 2 take mutuwa da kanta. Idan ruwa ya cika mata maɓoya sai ta fito neman tudu. Ya ƙara da cewa ƙasar da aka daɗe ana noma gyaɗa a cikinta ba ta rasa su, domin manoman gyaɗa daga nan har Senegal sun san ta da cin tsiro da huda kwanson da bai ƙosa ba. Da uwargida ta ji inda sharar safiya ke komawa, sai ta riƙe haɓa ta ce, “Ashe mu muke mayar da su gida.”

## Tsakiyar Agusta: aikin gyara

Kwashe jujin shi ne abin da aka fi jan magana a kai. Maigida yana ganin takin shekara 2 ne, ga tsadar takin zamani, kuma ba a shiga gonarsa da mota a Agusta. Ya nemi a yi wa jujin feshi a bar shi a wurin. Malamin ya ce maganin ba zai ratsa ko kamu guda ba, ruwan indararo kuma zai wanke shi a daren farko. Uwargida ba ta sa baki a gaban baƙo ba. Da dare ta ce wa mijinta, “Malam, ko jujin ya tashi ko mu tashi.” Hajiya ta goyi bayan surukarta, magana ta ƙare.

Ba a zubar da takin ba. Samari 3 da baro suka kwashe shi cikin kwana 2 zuwa can ƙarshen fili, kimanin mita 20 daga bango, kan wani ɗan tudu da rana ke bugawa. Aka baje shi, aka sa yaro ya riƙa juya shi da shebur mako-mako.

Dare 4 da suka biyo baya sun fi kowane lokaci muni. An rushe musu maɓoya, suka bazu ko'ina, awo ya kusa mudu 2. Maigida ya kira abokinsa a waya rai a ɓace. Aka ce masa ya ci gaba da sauran aikin.

Sauran aikin ya ɗauki kwana 6. An nome ciyawa tas a faɗin mita 1 kewaye da gidan, aka cike wurin da yashi da tsakuwa, aka yi masa gangare yadda ruwa zai gudu daga bango. An haɗa wa indararo bututu zuwa cikin duro, rarar ruwan kuma ta bi kwata. An ɗaga itacen girki a kan bulo, nesa da bango. Birkila ya toshe tsagar, ya kuma toshe wasu ƙanana 5, buhun siminti bai ƙare a kansu ba. An sa ragar waya a rariyoyi biyun. Kafinta ya yanka tsohon tub na mota ya buga a ƙasan ƙofofi 3 yadda robar ke shafar daɓe. Randunan ruwa aka ɗora su a kan gindin ƙarfe don ƙasansu ya riƙa bushewa.

Malamin ya kuma koya musu wata dabara. Da magariba a jiƙa buhunan algarara 4 a shimfiɗa a bayan gida. Da asuba a ɗaga, a kakkaɓe waɗanda suka taru a ƙarƙashi cikin bokitin ruwan omo, da tsintsiya ba da hannu ba, a haƙa rami nesa a binne. Sharar tsakar gida ma bokitin take shiga yanzu.

Feshi sau 1 aka yi, bayan an gama duk wannan. Wani mai feshi da ya san aikinsa ya zo da injin goyo da maganin da ke da takarda da lambar rajista, irin wanda ke daɗewa a jikin bango. Ya auna yadda aka rubuta, ya fesa gindin bango ta waje kawai, a ranar da gari ya washe, awaki da kaji suna kulle har wurin ya bushe. Ba a fesa komai a ɗaki ko kicin ba.

## Ƙarshen Agusta zuwa Oktoba

Mako guda bayan kammala aikin, abin da ake sharewa a tsakar gida ya sauko zuwa gwangwanin madara guda, duk da cewa a lokacin ake tsakiyar marka. A cikin ɗakuna an yi kwana 5 a jere ba a ga ko ɗaya ba. Buhunan waje sun ci gaba da kamawa da yawa har mako 2, sannan suka ja baya. A tsakiyar Satumba an koma ƙirge da yatsu: 3, 5, wata rana babu. Sau 1 aka samu koma-baya, da ragar rariyar banɗaki ta ɓalle ba a lura ba, aka wayi gari da 12 a ciki. Aka mayar da ragar. Laimar da ta daɗe a bangon ɗakin uwargida ta fara ja da baya, jaririya ta koma rarrafenta a tabarma. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba ba a sake ganin su ba. Da rani maigida ya samu mota ya kai takin gona.

## Damina ta gaba

A Afrilu, kafin ruwa, aka sake bin gidan: an canza robar ƙofa 1 da ta tsage, an ƙara tsakuwa inda ta zaizaye. Sabon juji yana can ƙarshen fili. Ba a sayi magani ba ko na kwabo. Ƙadandoniya ta fito da ruwan farko kamar kullum, ana ganinta a fili da gefen kango. Wadda ke shigowa tsakar gida ba ta wuce 2 zuwa 6 a safiyar bayan ruwa, har a Agusta. A ɗakuna, duk daminar, uwargida ta ce ba ta ga abin da ya kai 10 ba.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Wata 2 na farko an yi su ne ana faɗa da ƙadandoniyar da ta riga ta shigo, wadda ko an ƙyale ta bushewa za ta kashe ta. Inda ake haifarta yana bayan bango, kuma gidan da kansa yake ciyar da wurin: awaki suna ba da taki, indararo yana ba da ruwa, tsintsiya tana mayar da waɗanda suka tsira. Toka tana tare hanya muddin tana bushe, abin da damina ba ta bari. Gishiri da kananzir ba su tsinana komai ba. Fiya-fiya ta kashe da yawa, kuma wannan ne ya sa aka yi ta maimaita ta, domin tarin matattu da safe yana kama da nasara. Amma tana bin iska cikin ɗan lokaci, ba ta taɓa jujin ba, kuma a ganina ita ce abu mafi haɗari da ya shiga gidan a daminar, fiye da ƙwarin da aka sayo ta dominsu. Tarin Hajiya da mutuwar kajin sun zo ne a makonnin feshi.

A cikin gyare-gyaren Agusta, biyu ne suka ɗauki nauyin aikin. Matsar da jujin tare da karkatar da ruwan indararo shi ya rage yawansu a kusa da gida. Raga da robar ƙofa da siminti su suka hana ragowar shiga, kuma daren da ragar banɗaki ta ɓalle ya nuna haka a fili. Buhunan jiƙa sun taimaka wajen kwashe waɗanda suka bazu, sun kuma zama ma'auni. Feshin bango na waje ya rage zafin makonnin farko, amma shi ne abin da za a iya cirewa daga lissafi, tunda damina ta biyu ta wuce lafiya ba tare da shi ba. Raguwar da aka gani a ƙarshen Satumba ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin a lokacin ko ba a yi komai ba suna shirin komawa ƙasa. Hujjar ita ce sauƙin da aka samu a tsakiyar marka, da kuma shekarar da ta biyo.

Kuskure ɗaya aka yi a tsarin gyaran: an kwashe jujin kafin a toshe hanyoyi. Da an fara da raga da ƙofofi da tsagar bango, dare 4 ɗin nan da suka kusa sa maigida ya janye da ba su yi tsanani haka ba. Kwasar ma da rani ta fi dacewa, lokacin da jujin yake bushe.

Kangon maƙwabta yana nan yadda yake. Mai shi yana Kaduna, an aika masa saƙo sau 2 ta hannun mai unguwa. Yaran gidan ne ke nome mita 2 na gefen katangarsa duk wata, kuma daga can 'yan tsirarun da ake gani yanzu suke fitowa.